LUWIS BIREL, ƊAN BADUKUN DA YA GYARA RUBUTUN MAKAFI

Ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu girma, duk garin da mutum ya shiga a wannan yanki namu, ko nan Gehuru, ko Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ba ya rasa makaho. Wani ƙyanda ce ta tafi da idonsa tun yana goye, wani amosanin ido, wani kuwa yana ce ta rufe shi da girma ya zo. Mun san cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani waɗanda ko mai ido ba ya kama ƙafarsu. Amma fa hadda daban, karatu da rubutu daban, balle lissafi wanda sai an ajiye lamba a ƙarƙashin lamba ana dubawa. Saboda haka nake so in kawo muku tarihin mutumin da ya buɗe wa makafin duniya ƙofar karatu da rubutu da lissafi, watau Luwis Birel, wanda Turawa ke rubuta sunansa Louis Braille. Abin da ya fi jan hankali cikin tarihinsa shi ne, aikin wani ya tarar, ya gano inda ya karkace, ya yi shekara goma sha shida yana gyara. Shi ya iya gano kurakuran kuwa domin shi ke karantawa da yatsa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Haihuwarsa da makantarsa

An haifi Luwis ran 4 ga Janairu, 1809, a wani ƙauye mai suna Coupvray, wajen mil 25 gabas da birnin Faris na ƙasar Faransa. Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Ubansa baduku ne, yana ɗinka sirdi da linzami da sauran kayan doki, kamar dai dukawan da muke gani a kasuwar Jega. Yana ɗan shekara uku, wata rana ya shiga rumfar uban yana wasa da kayan aiki, sai wani ƙarfe mai tsini ya suɓuce ya soke shi a ido. A zamanin nan babu maganin da ke kashe ƙwayar cuta a miki. Idon ya ruɓe, ciwon ya tsallaka zuwa ɗayan, kafin ya cika shekara biyar ya makance ɗungum.

A Faransa ta wancan lokaci, makaho ɗan talaka bara ce makomarsa. Iyayen Luwis ba su yarda da haka ba. Suka koya masa zirga-zirga da sanda cikin ƙauye, suka sa shi ƙananan ayyuka a gida. Limamin cocin ƙauyen ya lura yaron yana da kai, ya fara koya masa da baki, daga baya ya roƙi malamin makarantar ƙauyen ya bar shi ya zauna cikin yara masu ido. Luwis ya riƙa kama darasi da kunne, amma in aka zo karatu da rubutu sai ya zauna shiru, ba abin da zai iya yi.

Makarantar makafi ta Faris

A watan Fabrairu na 1819, yana da shekara goma, aka samo masa gurbi a makarantar makafi ta Faris, wadda wani mai ido, Valentin Haüy, ya kafa wajen 1785. Ginin tsoho ne, ga duhu ga laima, yara da yawa sun kamu da ciwon ƙirji a cikinsa. Littattafan makarantar kuwa, baƙaƙen boko ne aka danna su manya-manya a takarda mai kauri har suka taso, yaro ya bi zanen kowane harafi da yatsa. Dabarar tana da kyau a ido, amma a yatsa wahala ce. Kafin yaro ya lalubo ƙarshen jimla ya mance farkonta. Littafi ɗaya kaya ne guda, ga tsada, shi ya sa kaɗan ne ƙwarai a makarantar. Babbar illar ita ce, yaro ba zai iya rubuta irin waɗannan baƙaƙe da hannunsa ba, ya kuma koma ya karanta abin da ya rubuta.

Cikin 1821 aka kawo wa makarantar wata sabuwar dabara ta wani tsohon hafsan soja, Charles Barbier. Shi ya yar da zanen harafi gaba ɗaya, ya koma ga ɗigo. Ana sa takarda a kan allo mai ramuka, a huda ta da tsinke, ɗigo ya taso ta ɗaya fuskar. Kowace alama tana da layi biyu a tsaye, kowane layi yana ɗaukar ɗigo har shida, watau goma sha biyu ke nan. Yara suka yi murna ƙwarai, domin a karo na farko ga rubutun da za su yi da kansu su kuma karanta da kansu.

Luwis, a lokacin yana da shekara goma sha biyu, ya koyi rubutun nan sarai, da haka kuwa ya gane inda yake da rauni. Na farko, alamar ta yi tsawo. Kan yatsa ba ya rufe ɗigo shida a tsaye, sai an ja shi sama da ƙasa ana ƙirgawa, karatu ya yi ta tafiyar hawainiya. Na biyu, sigar da aka fi saninta tana bin sautin magana ne, ba ta bin ƙa'idar rubutun Faransanci, alhali ɗalibi yana bukatar ya san yadda ake jera baƙaƙen kalma. Na uku, babu aya, babu waƙafi, babu alamun kiɗa, babu kuma hanyar rubuta lissafi. Mai ido in ya dubi takardar zai ga kome daidai, domin ido yana ɗaukar ɗigo goma sha biyu a kallo guda. Sai mai shafawa ne ya san yatsa ba ya iyawa.

Ɗigo shida

Shekara uku Luwis ya yi yana huda takarda, da dare bayan 'yan ɗakinsu sun yi barci, da lokacin hutu a ƙauye. A 1824, yana da shekara goma sha biyar, ya fito da tsarinsa. Ya raba alamar Barbier biyu, ta koma gida mai ɗigo shida, uku a hagu uku a dama, daidai yadda kan yatsa zai rufe shi a taɓawa ɗaya. Na hagu ana ƙirga su 1, 2, 3 daga sama zuwa ƙasa, na dama kuwa 4, 5, 6. In aka yi lissafin yadda za a tayar da wasu a bar wasu, ana samun alama 63.

Ya jera su cikin tsari mai sauƙin riƙewa. Baƙaƙe goma na farko, daga a zuwa j, ɗigo huɗun sama kaɗai suke amfani da su. Harafin a ɗigo na 1 ne, b ɗigo na 1 da na 2, c ɗigo na 1 da na 4. Goma na biye, daga k zuwa t, su ne dai na farkon aka ƙara musu ɗigo na 3. Na bayansu kuma a ƙara na 3 da na 6. Saboda haka wanda ya riƙe goman farko ya ci rabin karatu. Harafin w bai shiga jerin ba, domin Faransancin lokacin bai cika amfani da shi ba, sai daga baya aka ba shi alama a gefe. Wani abin sha'awa, mai rubutu da allo da tsinke daga dama yake farawa zuwa hagu, kamar yadda muke rubuta ajami, domin in ya gama zai juya takardar ya karanta daga hagu.

Shugaban makarantar na lokacin, Pignier, ya bar yara su yi amfani da tsarin. A 1828 aka ɗauki Luwis mataimakin malami, a 1829 kuma ya buga littafin da ya bayyana tsarin nasa, inda ya ambaci cewa tushen dabarar daga Barbier ne. Amma wannan bugu na farko shi ma yana da nasa aibi. Wasu alamun, har da na lambobi, ya haɗa ɗigo da ɗan gajeren layi a kwance. Da aka yi ta amfani da su sai ta bayyana cewa layin yana da wuyar hudawa da tsinke, yatsa kuma yana rikita shi da ɗigo biyu da ke kusa da juna. Luwis bai kāre aikinsa don nasa ne ba. A bugu na biyu, cikin 1837, ya cire layukan duka. Lambobi kuwa ya yi musu dabara: a sa wata alama ta musamman, mai ɗigo na 3, 4, 5 da 6, duk harafin a zuwa j da ya biyo bayanta ya zama lamba. Watau a ya zama 1, b ya zama 2, har zuwa j wanda ya zama sifiri. Har yau da wannan dabara ake aiki.

Malamin lissafi

A 1833 aka ba shi cikakken matsayin malami. Ya koyar da tarihi da aljabara da ilmin auna kusurwa da fili. A 1838 ya buga wani ɗan littafin lissafi don masu farawa. Ban da koyarwa, gwani ne wajen kaɗa babban abin kiɗan coci da ake kira ogan, har ya riƙe wannan aiki a wasu coci-coci na Faris. A 1839 kuma ya fito da wata hanya ta zana baƙaƙen boko da ɗige-ɗige, don makaho ya rubuta wa mai ido wasiƙa. Duk wannan yana yi ne da ciwo a jikinsa, domin tun wajen 1835 aka gane tarin fuka ya kama shi.

Wahalar ba ta tsaya ga ciwo ba. A 1840 aka sauke Pignier, aka naɗa Dufau, wanda ya hana rubutun ɗigo a makarantar. Hujjarsa ita ce, rubutun da mai ido ba ya iya karantawa zai ware makafi daga sauran jama'a. Amma yara sun riga sun ɗanɗana. Suka ci gaba da yi a ɓoye, manya suna koya wa ƙanana, ko da ana yi musu horo in an kama su. Mataimakin Dufau, Guadet, ya ga yadda abin ke musu amfani, ya yi ta lallashin maigidansa har ya sauko. A watan Fabrairu na 1844, wajen bikin buɗe sabon ginin makarantar, aka gwada tsarin a gaban jama'a. Aka yi wa wani ɗalibi shifta ya rubuta, sa'an nan aka shigo da wani wanda ba ya wurin, ya shafa takardar ya karanta abin da aka faɗa daidai.

Luwis ya mutu ran 6 ga Janairu, 1852, kwana biyu bayan ya cika shekara 43. Sai a 1854 hukuma ta amince da rubutunsa a makarantar da ya yi rayuwarsa a ciki. A 1878 wani babban taro a Faris ya zaɓe shi ya zama rubutun makafi na ƙasashe. A 1952, shekara ɗari bayan mutuwarsa, aka mai da ƙasusuwansa makwancin manyan mutanen Faransa a Faris, aka bar na hannuwansa a ƙauyensu. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware ranar haihuwarsa, 4 ga Janairu, ta zama ranar rubutun makafi, an fara kiyaye ta a 2019. A nan Nijeriya makarantar makafi ta farko an buɗe ta a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu, a 1953. Hausa tana da nata rubutun ɗigo, har da alamun ɓ da ɗ da ƙ. Larabci ma yana da nasa, an kuma buga Alƙur'ani mai girma da shi.

Gyaran da ya rage

To, aikin gyaran da Luwis ya fara bai ƙare ba, a lissafi kuwa ya fi yawa. Dalili shi ne, lissafin mai ido yana hawa yana sauka a takarda, wata lamba a sama, wata a ƙasa, wata ƙarama a kafaɗar 'yar'uwarta, alhali rubutun ɗigo layi ɗaya yake bi a miƙe, alamunsa kuma 63 ne tak. Wani makahon malamin lissafi na Amurka, Abraham Nemeth, wanda ya mutu a 2013, ya fito da tsari na musamman don lissafi, aka buga shi a 1952. Daga baya ƙasashe masu amfani da Ingilishi, har da Nijeriya, suka amince da wani haɗaɗɗen tsari wanda ya ƙunshi rubutun zube da lissafi tare. A yau kwamfuta ce ke juya littafi ko takardar jarrabawa zuwa ɗigo, wata na'ura ta huda. Ɗaya daga cikin manhajojin da ke wannan aiki, Liblouis, sunan Luwis aka sa mata, wanda ya fara rubuta ta kuwa, John Boyer, makaho ne kuma kurma.

Bari in kawo misali uku na yadda manhaja ke kuskure, kowane ɗan aji uku zai gane su. A ce tambaya ita ce 3a + 2 = 17, a nemo a. Amsa 5 ce. A rubutun ɗigo za a sa alamar lamba, sa'an nan c wanda ya zama 3, sa'an nan a. Amma ai a bayan alamar lamba 1 ne. In manhaja ba ta saka wata alama a tsakani mai nuna an koma harafi ba, ɗalibi zai karanta 31 + 2 = 17, ya zauna yana zargin kansa. Na biyu, a ce an rubuta 6 + 2 a saman layi, 2 a ƙarƙashinsa. Amsa 4 ce. In aka miƙe shi a layi ɗaya ba a sa alamar buɗewa da ta rufewa ba, zai koma 6 a tara da 2 bisa 2, amsa ta zama 7. Na uku, 5 mai ƙaramar 2 a kafaɗa 25 ne, amma in alamar hawa sama ta faɗi sai ya zama 52. Akwai kuma rikicin tsari. A tsarin Nemeth ana sauko da lambobi zuwa ƙasan gida, ga shi kuwa a rubutun zube waɗannan wurare na alamun tsayawa ne. Ɗalibin da bai koyi tsarin ba, in aka ba shi takarda da shi, zai karanta 1 a matsayin waƙafi, 4 kuma a matsayin aya.

Masu gyaran manhaja suna da matakan da suke bi. Da farko sukan duba asalin takardar, domin sau da yawa laifin na mai buga ta ne, wanda ya ƙanƙantar da 2 don ido kawai, bai gaya wa kwamfuta cewa a kafaɗa take ba. In takardar lafiya take, sai su riƙa datse lissafin kaɗan-kaɗan har su kai ga mafi ƙanƙantar yankin da kuskuren ke fitowa, kamar yadda mai gyaran keke ke tsoma tayar ciki a ruwa yanki-yanki har ya ga inda kumfa ke tashi. Daga nan su duba jadawalin ƙa'idojin da manhajar ke bi, su ga wace ƙa'ida ce ta ɓace ko ta riga wata aiki. In sun gyara, sai su sake gwada duk tsofaffin misalan da suka ajiye, kada gyaran wuri ɗaya ya ɓata wani. Sukan kuma juya ɗigon ya koma baƙaƙen boko su kwatanta da na asali. Mataki na ƙarshe, wanda ba a tsallake shi, shi ne a miƙa takardar ga makaho masanin lissafi ya bi ta da yatsa. Abin da ya faru a 1821 ke nan, da yaro ɗan shekara goma sha biyu ya gano abin da hafsan soja bai gano ba.

Kira gare mu

Ga 'yan'uwana ɗalibai, cikinmu akwai waɗanda za su tafi jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero ko wata, su karanta lissafi ko ilmin kwamfuta. Ga fage nan yana jiran ma'aikata, musamman ga Hausa da littattafan makarantunmu. Duk wanda Allah Ya kai shi can, ya tuna cewa ɗigo ɗaya da ya faɗi yana iya kayar da ɗan wani a jarrabawar da ya yi shekaru yana wa shiri, ya kuma riƙa zama da masu karantawa da yatsa yana tambayarsu inda aikinsa ya gaza.

Ga iyayenmu kuwa, ina roƙo cikin ladabi. In Allah Ya jarrabi gida da yaron da ba ya gani, a fara kai shi asibitin ido da wuri, domin wasu cututtukan suna da magani. In kuwa ganin ba zai dawo ba, a nemi makarantar da ke koyar da rubutun makafi ta hannun ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, kada a miƙa masa ƙoƙo a haɗa shi da ƙaninsa ɗan jagora, a yi asarar karatun yara biyu. Mun san darajar da addininmu ya ba Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabi mai kiran salla, wanda aka bar wa riƙon Madina ba sau ɗaya ba. Baduku na Coupvray bai fi iyayenmu dukiya ba, abin da ya yi kawai shi ne ya bar ɗansa ya tafi makaranta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana ganinmu, Ya kuma ba mu ilmi mai amfani, amin.